Sauri Kan Haifi Nawa

'Yan'uwana ɗalibai, tun da aka fara yayata maganar yi wa Nijeriya jirgin ƙasa mai gudun walƙiya, wasu daga cikinmu suke ta tafi. Ni kam ba na tafi. Kafin a taya kaya, ai sai an san abin da ke aljihu.

Mu dubi Amurka. A shekarar 2008 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'ar amincewa da jirgi mai gudun kilomita 350 a awa, daga San Faransisko zuwa Los Anjalas, tafiyar kilomita kamar 800. An ce musu dala biliyan 33 za ta isa, kuma a 2020 za a gama. Zuwa 2024 ƙiyasin ya kai kimanin biliyan 100, ba a ɗauki fasinja ko ɗaya ba. A jihar Fulorida kuwa, jirgin Brightline mai gudun kilomita 200 ya fara kai mutane daga Miyami zuwa Olando a 2023. Kilomita 378 ke nan, a kan kimanin dala biliyan 6. Ku buga lissafi: can miliyan 125 kowace kilomita, nan miliyan 16.

Dalilin bambancin a fili yake. Mai gudun walƙiya ba ya son kwana, ba ya haɗa hanya da mota. Dole a sayi sabuwar ƙasa, a fasa duwatsu, a gina gadoji, a ja wutar lantarki tun daga farko har ƙarshe. Na Fulorida ya gyara tsohuwar hanya a mafi yawan tafiyarsa, kuma da man gas yake aiki. Za a ce ai ya halaka mutane a mahaɗarsa da titunan mota. Gaskiya ne, amma maganin wannan shinge ne da gada, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar biliyan 100 ba.

To, mu fa? Hanyar Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, ta ci dala miliyan 874, fiye da rabi bashin Sin ne. An tsara ta don gudun kilomita 150. Ko an ninka gudun, minti 40 ma ba za a rage ba. Ashe saboda minti 40 za mu jinginar da jikokinmu? A gama hanyar Kano, a tsare fasinja, jirgi ya tashi a kan lokaci. Wannan shi ne abin da talaka ke nema.

Allah ya sa mu gane.