GYARAN GIDA: Ango, Kada Ka Liƙa Tayil A Karkataccen Bango

Yau wasiƙar wani ango ce daga Gusau. Ya ce saura sati 6 a kawo masa amarya, ya ɗauko gyaran banɗakin sashen da mahaifinsa ya ba shi, sai ya tarar ginin bulon a karkace, nan ya turo ciki, can ya lotsa. Mai tayil kuma ya ce masa, "Yallaɓai kada ka ɓata kuɗinka a filasta, zan cike da siminti ta bayan tayil ɗin, kwana biyu na gama." Shi ne yake tambaya ko ya yarda.

Ɗan uwa kada ka yarda, ni ganau ce ba jiyau ba. Abin da zai yi shi ne ya cura siminti kamar fura, ya ɗora curi huɗu ko biyar a bayan kowane tayil ya danna a bango. A ranar kam sai ka ce otal. Amma tsakanin curin nan rami ne, ruwan wanka ya bi ta layi ya kwanta a ciki, kyankyasai su samu gidan haya kyauta, bokiti na ɗan bugunsa kuwa sai ya tsage.

Haka aka yi wa ƙanena. Ranar jere gwaggon amarya ta leƙa banɗaki, ta ƙwanƙwasa bangon da zobenta, ta ji yana ƙara kamar fanko. Budar bakinta sai cewa ta yi, "Allah dai ya sa ba haka cikin maigidan yake ba." Aka kwashe da dariya, mu kuwa dangin ango kamar ƙasa ta tsage mu shige. Ba a yi wata 4 ba tayil ya ɓallo ya yanki amarya a ƙafa, ta je gida jinya, kafin ka ce kwabo unguwa ta ɗauka wai yaji ta yi. Wallahi sai da manya suka sa baki.

To ga yadda ake yi. Mai famfo ya fara binne bututunsa, a saki ruwa a tabbatar babu yoyo. A sassaƙe duk inda bulo ya turo da yawa, a kankare tsohon fenti, a share ƙura, a jiƙa bangon, don busasshen bulo zuƙe ruwan kwaɓin yake yi ya bar shi gari. Sannan magini ya saki igiya mai nauyi a ƙarshenta daga sama zuwa ƙasa, ya kafa shaida da ɗan curin siminti a sama da ƙasa, ya haɗa su su zama layi. A kan layukan nan zai riƙa jan miƙaƙƙen katako yana yanke abin da ya yi yawa. Maginin da ya ce maka idonsa ya ishe shi, sallame shi da girma da arziki.

Kwaɓi kuwa kwanon sarki 1 na siminti, 4 na yashi mai laushi wanda babu laka a cikinsa. Buhu ɗaya mai kilo 50 kusan kwano 2 ne, ka ga yashi kwano 8 ke nan, ka tsaya da kanka ka ƙirga, kada kunya ta hana ka. Farar hodar nan da ake ƙawata silin da ita ba ta shiri da ruwa, kada ta kusanci banɗaki.

Inda ramin ya yi zurfi nan gaggawa take cin mutane. Kaurin shafe ɗaya kada ya wuce santimita ɗaya da rabi, wato kamar kaurin ɗan yatsa. In ya fi haka a yi shi hawa biyu: a yi na farko, a karce fuskarsa da ƙusa, a bar shi ya kama, sannan a ɗora na biyu. In aka lafta shi gaba ɗaya nauyinsa zai ja shi ya saɓule ko ya tsattsage. Kuma kada a goge shi sumul da cokalin ƙarfe, da katako za a murje shi, tayil ya samu abin kamawa.

Daga nan sai ban ruwa safe da yamma har kwana 7, balle da hunturu da iska ke busar da siminti tun bai yi ƙwari ba. Ka ba shi aƙalla sati 2 kafin mai tayil ya dawo. Lissafa ka gani ango, sati 6 ya ishe ka har da rara, in dai ka nemo magini gobe-goben nan. Da an gama liƙawa, ka ari zoben yayarka ka bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar fanko a cire shi a sake kafin ka biya cikon kuɗin aiki.

Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Sai fitowa ta gaba.