Me Ya Sa Yaro Ke Ramewa Bayan Ƙyanda?

Ƙannenmu na sakandare, mu da muka taso tsakanin Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar mun san abin da lokacin zafi ke zuwa da shi. Baƙon dauro ya shiga unguwa, ƙuraje su fito su baje, a ce yaro ya warke. Bayan 'yan makonni kuma sai gudawa ko ciwon huhu su kwantar da shi. A gida akan ce iska ce ko sammu. A aji kuwa mun tarar da wata amsar.

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi da ake kira limfosait, sojojin garkuwar jiki. In suka gane bairos, sai ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su yi runduna. Wannan hayayyafa ita ake aunawa a ɗakin gwaje-gwaje. Akan ɗebi jini kaɗan, a ware ƙwayoyin, a ajiye su a ɗumin jiki, digiri 37, sannan a tsokane su da wani sinadari mai suna PHA. Kun san daga ina ake samo shi? Daga jan wake. Mu ma dariya muka yi ranar da muka ji.

Hanyar ƙirgar ce ta fi burge mu. Akan rina ƙwayoyin da wani rini mai ƙyalli, CFSE, dabarar da masana a Ostareliya suka bayyana a 1994. Duk ƙwayar da ta rabu, 'ya'yanta biyu za su raba rinin daidai, kamar a raba kofin zoɓo biyu a cika kowanne da ruwa. Bayan kwanaki sai na'ura mai hasken leza ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Mai rabin haske sau ɗaya ta rabu, mai rubu'i sau biyu. In haske bai ragu ba, sojojin ba su motsa ba ke nan.

Abin da ƙyanda ke jawowa ke nan: ƙwayoyin mai cutar kan yi kasala wajen hayayyafa har na makonni. Kuma ba a Turai kaɗai aka gano haka ba. A Zariya, Hilton Whittle da Brian Greenwood da abokan aikinsu na Jami'ar Ahmadu Bello sun binciki jinin yara masu ƙyanda, suka wallafa a 1978 cewa ƙwayoyin T kan ragu a tsakiyar ciwon. Wani bincike na 2019 ya ƙara da cewa cutar kan goge kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na kariyar da jiki ya tara daga cututtukan baya.

Ku tuna kasuwar Maigatari ranar Alhamis, mutanen Najeriya da na Nijar kafaɗa da kafaɗa, ga cutar da tari ɗaya ke yaɗawa. In kun koma gida yau, ku ce wa Inna ta nuna muku katin rigakafin auta. Allurar ƙyanda biyu ce, ɗaya a wata 9, ɗaya a wata 15, kuma ta biyun ce aka fi mantawa.