ZAUREN 'YAN MATA: Alkawarin Kwana 40 Tsakanina da Mazari

 

Kafin mu shiga zancen yau ina da 'yar tambaya. Sau nawa kuka ci karo da wurin da marubuci zai ce budurwa ta hango saurayinta, sai jikinta ya ɗauki rawa kamar mazari? Na san kun gani ba adadi. To tsakaninku da Allah, mutum nawa ce a cikinku ta taɓa riƙe mazarin a hannunta? Kada ku ji kunya, ku riƙe amsarku, za mu zo wurin.

A cikin wasiƙun da suka iso mini akwai ta wata ƙanwarku 'yar aji biyar na sakandare daga Maiyama, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Kukanta shi ne ba ta iya gama abin da ta fara. Ta shiga koyon ɗinki ta bari a sati uku, ta fara saƙar kayan jarirai ta jefar da ƙoshiyar a ƙarƙashin gado, littafin lissafi kuwa shafi biyu take yi hamma ta kama ta. Ga jarrabawar fita tana tafe baɗi, ga Baba ya ce in sakamako bai yi kyau ba to karatu ya ƙare ke nan. A ƙarshe ta ce ita a ganinta da za a saya mata keken ɗinki mai lantarki da duk wannan matsala ta kau.

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma ba wa'azi zan yi miki ba. Labarin wani alkawari da na ɗauka zan ba ki, wanda yau kwanansa 23.

Asalin abin daga wani ɗan yayana ne da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Ya zo gaishe ni da buhun albasa rabi, kun dai san mutanen Aliero ba sa zuwa hannu rabbana, sai na ga yana ta wasa da ɗan abin nan mai zare da ake kira yo-yo. Ba yoyon bokiti ba, a'a, faifai biyu ne ƙanana da aka haɗa da 'yar sanda a tsakiya, a naɗa zare a jiki, a jefa ƙasa ya dawo hannu. Na ce, “Kai da girmanka?” Ya yi dariya ya ce, “Gwaggo, ai wannan abin har gasar duniya ake yi a kansa.”

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wani mutumin ƙasar Filifin mai suna Pedro Flores ne ya buɗe masana'antarsa a Amurka a 1928, daga baya Donald Duncan ya saye ta ya baza abin ko'ina. Na wancan zamani na katako ne, sandar tsakiyarsa a kafe take, zare yana goga jikinta kai tsaye, don haka in ka jefa, daƙiƙa kaɗan zai yi yana juyi ya mutu. Daga wajen 1990 aka fara yayin mai boris a ciki, irin boris ɗin ƙafar keke amma ɗan mitsitsi, wanda zai yi mintoci yana juyi ko da jifarka ta ɗan karkace. Amma abin mamaki, duk watan Fabrairu akwai gwanayen wasan da kan ajiye masu boris ɗin nan masu tsada, su koma wa mai kafaffiyar sanda shi kaɗai har wata ya ƙare. Shi ma abin da yake yi ke nan. Na ce don me mutum zai bar sauƙi ya koma wa wuya? Ya ce, “Mai boris yana rufa wa hannu asiri, Gwaggo. Na katako kuwa ba ya rufa wa kowa.”

Maganar nan ta kwana tana yi mini yawo a ka. Na ce ashe mu ma muna da namu abin mai juyi da zare wanda ba ya rufa wa kowa asiri, kuma namu ba wasa ba ne, sana'a ce da ta tufatar da ƙasar Hausa shekaru aru-aru. Ranar kasuwar Jega na shirya na tafi wurin wata ƙanwar kakata, tsohuwar da har yanzu taskirar kaɗinta tana rataye a ɗaki. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta riƙe haɓa ta ce, “Ke ɗiyag ga, ɗiyan yanzu da ba su biɗar wahala, mi za ki yi da mazari?” Na ce koya zan yi, Inna. Ta ce to ita ba ta koyar da mai ɗanɗano, sai in faɗi kwana nawa. Bakina ya ce arba'in.

A gabanta muka yanka sharuɗɗa guda huɗu. Kullum sa'a ɗaya bayan la'asar. Mazari kawai, ba zaren kanti ko na ɗaurin gaggawa. Waya a kashe, a ɗaki. Kuma ranar da na tsallake ba tare da ciwo ko tafiyar dole ba, lissafi ya koma ɗaya.

Bari in kwatanta muku aikin, don na san da yawanku sai a baki kuka san shi. Audugar da aka tsinko daga gona tana ɗauke da 'ya'yanta, wato angurya. Sai a ɗora ta kan dutse mai santsi a murza da ɗan siririn ƙarfe har 'ya'yan su fita, wannan shi ne gurza. Daga nan sai shiɓa, a sa ɗan baka mai tsarkiya a yi ta kaɗa audugar har ta tashi ta yi laushi kamar kumfa. Sannan a naɗe ta a riƙe a hannun hagu. Shi kuwa mazari ɗan siririn tsinke ne, a ƙasansa an zura dunƙulen yumɓu da ake kira gululu, wanda nauyinsa ke sa juyin ya daɗe. Ki shafa alli a yatsunki don kada su yi santsi, ki murza tsinken da hannun dama, hannun hagu yana ja sama a hankali, sai ki ga zare yana fitowa daga cikin audugar kamar ana zuƙo shi. In ya kai tsawon hannu ki tsaya, ki naɗe a jikin mazari, ki sake.

Da baki kamar wasa. Amma ga inda gizo ke saƙar. In murzar ta yi kaɗan, zaren zai saɓule ya rabu. In ta yi yawa, zai ƙudundune ya tsinke. In hannun hagu ya riga na dama sauri, zare ya yi siriri kamar gashi ya katse. In ya yi nawa, sai ya yi ƙulli-ƙulli. Babu wani maɓalli da za ki latsa ya daidaita miki, hannuwanki biyu da hankalinki ne kawai. Makon farko abin da nake fitarwa ko abawa, wato zare mai kauri da masaƙa ke gittawa, bai kai ba. Inna ta ce kowace makaɗiya daga nan ta fara, har ita. A kwana na 12 na fara ja tsawon hannu bai tsinke ba. Yanzu mazarina na biyu ya kusa cika.

Duk sati nakan kai mata abin da na kaɗa. Ba ta tambayar komai, sai ta warware zaren tana bi da yatsa. Ran nan ta tsaya a wani wuri da ya yi tauri ta ce, “Nan wa yaɓ ɓata miki rai?” Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don ranar ce aka yi mini wani abu a wurin aiki. Ta ci gaba, ta kai inda zaren ya tafi sumul, ta ce nan kuwa zuciya kwance take. Ashe zare takarda ne, duk halin da kike ciki yana rubuce a jikinsa. Yanzu in na zauna, kafin in murza sai na sauke numfashi na kori duk abin da ke raina, don na san in ban kore shi ba zai fito a zare.

Ta ba ni labarin zamaninsu kuma. Jega tsohuwar kasuwa ce da fatake ke sauka tun ƙarni na 19, kuma tufafi na cikin manyan hajojinta. Ta ce da rani bayan an kawar da amfanin gona, mata kan taru da dare ana kaɗi ana tatsuniya. Mace ta tara zarenta ta aika kasuwa, masaƙa su saya su saƙa gwado da zane, marina su rina. Kuɗin nata ne na kanta, da shi take tara wa ɗiyarta tasoshi da ƙore tun kafin a zo neman aure. Daga baya yadin inji ya cika kasuwa, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, mata suka rataye taskira. Ga shi ita ma masaƙar an rufe ta a 2002, yau yawancin atamfar da muke ɗaurawa daga ƙetare take zuwa. Inji ya tsaya, amma hannun tsohuwar nan har gobe yana fitar da zare.

Kada ku ce Anti ta ce a jefar da keken ɗinki. Ko kusa. Ɗan yayana ma in wata ya ƙare zai ɗauko mai boris ɗinsa, sai dai zai ɗauko shi da hannun da ya miƙe. Abin da nake so ki gane, ƙanwata ta Maiyama, shi ne keke mai lantarki ba zai zauna a madadinki ba. Wadda ba ta iya zama da allura sati uku ba, in an saya mata inji sai dai ta ɓata yadi da sauri.

Ga shawarata gare ki da duk mai irin damuwarki. Zaɓi abu ɗaya tak, ba biyu ba. Ɗauki mafi sauƙin kayan aikinsa, wanda ba zai yi miki rabin aikin ba. In lissafi ne, biro da takarda, kalkuleta a aljihun jaka. In ɗinki ne, allura da zare, ki fara da kalmasa bakin ɗankwali. In girki ne, ki ce wata guda miyarki da daddawa da kayan ƙamshin gida za ta yi daɗi. Yanka kwanaki, ko 21 ko 30, ki rubuta a bangon littafinki. Ware lokaci ɗaya a kullum, ko da rabin sa'a ne. Sannan ki nemi shaida, wadda kike jin nauyinta, Inna ko Yaya ko malamarku, ki riƙa kai mata abin da kika yi duk sati. Kwana goman farko su ne masu ɗaci, a nan ne zuciya za ta ce miki wannan wahalar ta mece ce. Ki ce mata alkawari kaya ne. Ba a hana ki gajiya ba, tashi ne aka hana.

Ku kuma manyan 'yan mata da aka fara yi wa sallama a ƙofar gida, ku sa wannan a kunnen hagu. Hirar zaure mai boris ce, kowa gwani ne a cikinta, ko an karkace tana juyi. Zaman gida kuwa mazari ne, kullum sai an murza, kuma halin kowa a jikin zaren yake fitowa. Ku koyi zama da abu tun yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni dai saura mini kwana 17. Inna ta ce in na cika za ta haɗa zarena da nata a kai wa masaƙi ya fitar mini da ɗan ƙyalle ko da na goyo ne. Na faɗa a gabanku don ku ma ku zama shaidu. Duk wadda ta ɗauki nata alkawarin ta aiko da wasiƙa ta gaya mana me ta zaɓa da kwana nawa, musamman ke ta Maiyama, ina sauraron taki kafin fitowa ta gaba.

Allah Ya ba ku sa'ar karatu, Ya haɗa kowa da rabonta na alheri. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Anti