Yadi 440 Da Turawa Suka Bari A Nassarawa

Duk wanda ya baro lungunan birnin Kano ko na Fagge ya shiga unguwar G.R.A. ta Nassarawa, ba sai an gaya masa ya canja wuri ba. Tituna masu faɗi, manyan itatuwa, gidaje kowane da filinsa, ga kuma Gidan Gwamnati. Da yawa cikin masu bin waɗannan tituna kullum zuwa ofis ko makaranta sun ɗauka haka nan Allah ya yi unguwar. Alhali kuwa doka ce ta tsara ta, kuma launin fata dokar ta duba.

Ran 3 ga watan Fabrairu, 1903, sojojin Ingila suka ci Kano. Turawan ba su zauna cikin ganuwa ba, sai suka kafa barikinsu a waje, ta gabashin birni, wajen Nassarawa inda Sarki yake da gida. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, ciniki ya buɗe, baƙi suka yi ta shigowa, sai Gwamnati ta shiga yanka wa kowane jinsi wurin zamansa. Turawa suna nasu ɓangare, Kwarori 'yan kasuwa suna nasu kusa da Fagge, mutanen Kudu da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma aka kai su Sabon Gari wajen 1913, aka kuwa sa su ƙarƙashin wani jami'i Bature, ba ƙarƙashin En'e ba. 'Yan Arewa da suka zo neman aiki suka taru a Tudun Wada da Gwagwarwa.

A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka kafa Dokar Garuruwa wadda ta tabbatar da wannan rabo. Ƙa'idar ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440, wanda ba a gina kome a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Ba a yarda ɗan ƙasa ya zauna a unguwar Turawa ba sai fa in bara ne, watau kuku ko boyi, shi ma a 'yan ɗakunan da aka yi masa can bayan gida. Hujjar da aka bayar ita ce kiwon lafiya. An ce sauro yana ɗauko zazzaɓin cizon sauro da shawara daga jikin 'yan ƙasa ya kai wa Bature, don haka a nisanta su. Amma fa hujjar ba ta da ƙafar tsayawa. In jikin baƙin mutum ne abin gudu, yaya aka yi mai dafa wa Bature abinci yake kwana taku kaɗan daga ɗakinsa? In kuwa sauro ne abokin gaba, maganinsa shi ne a gyara magudanan ruwa a cike kududdufai domin kowa da kowa. Maimakon haka sai aka ware wuri guda aka zuba masa kulawa, aka yi wa Turawa asibitinsu dabam da kulob ɗinsu dabam, sauran jama'a kuwa kowa ta kansa.

Ba Turawa ne suka wayi gari suka ga dama suka janye wannan tsari ba. A 1947 wani otel a Ikko mai suna Bristol ya ƙi ba Ivor Cummings masauki saboda launin fatarsa, alhali shi babban ma'aikaci ne daga Ofishin Ƙasashen Mulkin Mallaka a Landan. Jaridu da 'yan kishin ƙasa suka tayar da ƙura, har Gwamna Arthur Richards ya ba da sanarwar hana nuna wariya a wuraren jama'a. Daga nan aka daina kiran irin waɗannan unguwanni da sunan Turawa, aka koma kiransu unguwannin Gwamnati. A Kano ma, ran 8 ga watan Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ta sa 'yancin talaka a gaba. Ko da aka sami mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa sun fara shiga gidajen da a da ba su isa su kwana a ciki ba.

Nijeriya ta san ɗacin wariya, shi ya sa ta tsaya tsayin daka kan Afirka ta Kudu, inda dokar 1950 ta raba wa kowane launi unguwarsa. Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya yi jawabinsa na Adis Ababa a watan Janairu, 1976, ya goyi bayan MPLA ta Angola a lokacin da sojojin Afirka ta Kudu suka kutsa ƙasar. A wannan shekara aka kafa asusun taimakon Kudancin Afirka, ma'aikata suka bayar daga albashinsu, ɗalibai suka bayar daga ɗan abin da ke hannunsu. A 1979 Gwamnati ta ƙwace hannun jarin kamfanin BP. An soke waccan doka ta unguwanni a 1991, Nelson Mandela kuma ya zama shugaban ƙasa a 1994. Wannan abin alfahari ne, ba mai musu.

To, amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Kano an cire launin fata daga cikin doka, amma ba a taɓa taswirar da dokar ta zana ba. Ɗakin bara yana nan a bayan gida, mai gidan ne kawai ya canja. Babban ma'aikacin da ke zaune a Nassarawa, in famfo ya ƙafe sai ya haƙa rijiyar burtsatse, in an ɗauke wuta ya tayar da janareta. Mutumin Gwagwarwa ko Tudun Wada kuwa sai ya jira ɗan garuwa, da damina kuma ya yi ta fama da kwatamin da ya toshe. Haɗarin da ke nan shi ne mai tsara kasafin kuɗi ba ya jin zafin abin da yake tsarawa, kamar yadda Razdan bai ji ba a zamaninsa.

Rabon da aka yi tsakanin birni da Sabon Gari shi ma bai mutu ba. Mutanen da aka raba wa unguwa da makaranta da kotu ba su san juna ba, rashin sani kuwa shi ke haifar da zargi. Kano ta ga sakamakon haka a rikicin watan Mayu, 1953, ta kuma sake gani bayansa. Har yau akwai yaron da aka haifa a Kano, aka haifi ubansa a Kano, amma in ya zo neman makaranta ko aikin Gwamnati sai a ce ya kawo takardar shaidar asali daga garin da bai taɓa gani ba. Irin wannan ne kuma ɗan Kano yake tararwa in ya girma a Sabo ta Ibadan. Alhali sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda ƙabilarsa, ko asalinsa, ko addininsa.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba wanda ya ce a rushe Nassarawa ko a sare itatuwanta. Abin da ake bukata shi ne a raba aikin ruwa da titi da magudanai bisa yawan jama'ar kowace unguwa, a kuma bayyana lissafin a fili. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna domin amfanin dukan jama'a, saboda haka wajibi ne a san wanda aka ba fuloti da dalilin ba shi. Ya kamata kuma wanda aka haifa a wuri, ya zauna, yana biyan haraji, a ɗauke shi ɗan wurin.

Ma'aikacin da fayil ke gabansa yau, da ɗalibin da zai gaje kujerarsa gobe, su ne wannan nauyi ya hau kansu. Da alƙalamin ma'aikaci aka auna yadi 440 a 1917, da alƙalamin ma'aikaci kuma za a shafe su.