Cinikin Manchester United da Haƙƙin Magoya Baya

A shekarar 2005 ne iyalan Glazer na Amurka suka sayi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Manchester United a kan kimanin fam miliyan 790. Akasarin kuɗin rance ne, kuma a wuyan ƙungiyar aka rataya shi, alhali kafin cinikin ba ta da wani nauyin bashi. Ma'ana, da kuɗin ƙungiyar aka sayi ƙungiyar.

Ta fuskar doka, cinikin ba shi da aibi. To amma duk ɗan kasuwa ya san cewa darajar wannan haja tana hannun magoya bayan da ke sayen tikiti da riguna. A shekarar ce wasunsu suka ɓalle suka kafa FC United. A watan Mayun 2021 kuwa, sun kutsa filin Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool.

A ganina, Jamus ta fi hangen nesa, domin ƙa'idar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun membobi a yawancin ƙungiyoyinta. Shigowar Jim Ratcliffe a 2024 da kusan kashi 28 cikin ɗari ba ta samar wa magoya baya kujera a hukumar daraktoci ba, bashin kuma har yanzu yana nan.