Hujin Kunnen Ɗiyarki: Allura da Ƙarfe Kafin Ƙyalli

Yau na ɗan ajiye labarinmu domin in yi magana da iyaye mata, musamman na wajenmu, daga Wara zuwa Birnin Yauri, har Yelwa da Shanga.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ƙasarmu ƙasar zinare ce. Matasanmu na cikin ramuka dare da rana suna haƙo shi, kuma a 2020 Kebbi na cikin jihohin da gwamnatin tarayya ta fara shirin sayen zinare daga hannun ƙananan masu haƙa. Amma ki duba kunnen jariranmu: ɗan kunnen tire ne, mai ƙyalli yau, gobe ya koɗe, jibi kunne ya kama ruwa.

A ganina abu biyu ya kamata uwa ta tsaya a kansu.

Na farko allura. Ko ungozoma ce za ta yi hujin ko ma'aikaciyar asibiti, ki tabbata sabuwa ce, a gabanki aka buɗe ta. Allurar da ta shiga kunnen wata tana iya ɗauko ciwon hanta, mai datti kuma tana iya kawo sandarewar wuya. Tsinken tsintsiya da ake cusawa bayan an cire zare, shi ma hanyar cuta ne. Kuma babu wanda ya wajabta a yi hujin kafin suna. In kika jira yarinya ta karɓi rigakafinta na mako 6 da 10 da 14, kin rage mata haɗari.

Na biyu ƙarfe. Yawancin 'yan kunne masu arha akwai sinadarin nikel a cikinsu, shi ne kan gaba wajen sa kunne ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma in jiki ya ƙi shi, ya ƙi shi ke nan. Tun 1994 Tarayyar Turai ta kafa doka a kan nikel ɗin kayan ado. A kasuwanninmu kuwa, uwa ce za ta sa ido. Ƙaramar barima guda ta zinare mai karat 18, wato kashi 75 cikin ɗari zinare, ta fi akwati cike da tarkace. Kuɗin anko da na kayan barka da muke kashewa sun isa a saye ta. In babu hali, a nemi ƙarfe irin na asibiti. Masu lilo kuma a bar su sai ta girma, don yaro fizga yake yi.

'Yan matanmu masu ƙara huji na biyu da na uku a saman kunne, ku ma ku ji. Fatar ƙasan kunne kan warke cikin mako 6 zuwa 8, amma guringuntsi yakan ɗauki watanni, saboda jini bai cika zuwa wurin ba. Sannan tsiron naman nan da kan fito a bayan huji ya fi kama baƙar fata, yakan bi gida, ko an yanke shi yakan dawo. In yayarki ko innarki na da shi, ki haƙura da ƙarin huji.

Ni ban ce a bar ado ba, mace da kwalliya aka san ta. Cewa na yi a fara da lafiyar kunnen, tunda da shi za ta je ɗakin miji.

Allah ya raya mana zuri'a. Mu haɗu a fitowa ta gaba.