Hoto Ɗaya, Karatu Biyu: Haƙorin Hankali da Idon Likita

Haƙorin hankali shi ne autan matauna. Yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, wato lokacin da ɗalibi ke sallama da sakandare. Sau da yawa yakan tarar ba masauki a muƙamuƙi, sai ya kwanta a karkace ya tokare maƙwabcinsa, dasashi ya kumbura. A nan ne likita kan nemi hoton ƙashi.

Tun 1896 da Otto Walkhoff na Jamus ya ɗauki hoton haƙoransa, na'urar ta ci gaba ƙwarai, amma hoton da aka saba da shi inuwa ce kurum, mai tsawo da faɗi, marar zurfi. Ga shi kuwa a muƙamuƙin ƙasa akwai wata kafa wadda jijiyar da ke sa leɓe da haɓa su ji taɓi ta ratsa. In saiwar haƙori ta hau kan kafar nan a hoto, manne suke, ko ɗaya ce a bayan ɗaya? A 1990 masana biyu, Rood da Shehab, suka jera alamomi bakwai na haɗari, ciki har da duhun saiwa, da yankewar farin layin kafar, da karkacewarta. Ɗalibi na iya haddace su a dare guda. Gane su a hoto mai dishi-dishi kuwa sai wanda ya sha gwama abin da ya gani a hoto da abin da ya tarar cikin baki. In aka kuskure, leɓen majiyyaci na iya dundurucewa wata da watanni, wani ma har abada.

Kada a ce babba ba ya kuskure. Sabo kan sa shi yanke hukunci da kallo ɗaya, yayin da sabon likita ke bin alamomin daki-daki. Saboda haka bai kamata a bar ido ɗaya da hoto mai rikitarwa ba. Matashin likitan da aka tura Tsafe ko Bunguɗu ya cancanci tsayayyar hanyar aika hoto ta waya ga ƙwararru a Gusau, irin na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, kafin ya ɗauki awartaki. Ta haka za a san wanda za a cire wa haƙori a garinsu, da wanda ya wajaba ya biya kuɗin mota zuwa Gusau.